Habu, Ka Zo da Hagun

Zuwa ga ƙanena Abubakar, wanda muke kira Habu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan saƙo zai same ka cikin ƙoshin lafiya a duk inda kake a ƙasar Kanada. Yayarka ce, Ladi, daga Azare. Inna tana gaishe ka, maigidana da yara suna gaishe ka, mutanen Chinade ma ba sa fasa tambayarka.

Na san za ka ji haushi da na baje maganar gida a shafina, inda kowa zai karanta. Ka ji haushin, na yarda. Na kira layinka har ya daina shiga, na tura saƙon murya har wayata ta cika, ko "na gani" ba ka ce min ba. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Wataƙila cikin masu karantawa akwai wanda zai kai maka, don haka ka yi haƙuri in na faɗi abin da ka riga ka sani.

Baba ba shi da lafiya, Habu. Bakinsa yana nauyi, kuma akwai maganar da yake so ya faɗa maka kafin harshen ya ƙi.

Ka san zaurenmu na Chinade. Tun kakanmu ake ɗori a cikinsa. Ɗan acaɓan da ya faɗi a hanyar Azare, makiyayin da saniya ta shura, yaron da ya faɗo daga kan tsamiya, duk nan ake kawo su. Baba ya shafa man shanu, ya yi tofi, ya ja ƙashin ya koma mazauninsa, ya jera karan dawa ya ɗaure. Gado ne, kuma kai kaɗai ne namiji a gidan. Sai Allah ya yi ka bahago.

Ka tuna lokacin da ya ɗaure maka hannu lafiyayye? Kana ƙarami, da an ajiye tuwo sai hagun ta riga dama shiga kwano. An yi faɗa, an yi dukan bayan hannu, a banza. Ranar nan Baba ya ɗauko kara da tsumma ya yi wa hagun ɗori kamar ta karye. Kana yawo a tsakar gida da hannu a sanƙare, majina har baki, ni kuma ina bin ka bayan rumbu ina ba ka loma. Ka koyi ci da dama, ka koyi rubutu da dama. Jifa kuwa ta ƙi barin inda Allah ya ajiye ta.

Ai ni na fi kowa sanin jifarka, don ƙeyata ta sha ta. In muka je korar tsuntsaye a gonar gero, ni ina ta ihu da kaɗa gwangwani, kai sai ka ɗauki hoge ka sauko da guda ɗaya, sauran su watse. Goriba kuwa sai wadda ka nuna.

Da ka shiga sakandare a Azare aka turo muku wani ɗan bautar ƙasa, Bayarabe, da ƙwallo mai tauri da wata safar hannu ta fata mai faɗin faifai. Shi ya koya muku besbol, wasan da mutum ɗaya yake jefa ƙwallo da iya ƙarfinsa, wani kuma ya tsaya da kulki yana neman ya make ta. Ka dawo gida bakinka har kunne, ka ce malamin ya ce a wasan nan bahagon mai jifa nemansa ake ruwa a jallo. Na yi ta maka dariya, na ce to ga garin da ake son bahagwai, sai ka shirya kayanka. Ban san baki na yi ba.

A shekarun nan ne Baba ya so ya damƙa maka ɗorin. Ka san yadda ake yi: uba ya kama tafin ɗansa ya yi tofi a ciki, daga nan hannun ya karɓa. Ya sa aka kawo akuya mai karyayyar ƙafa, ya ce ka lalubo karayar. Ka lalaba da dama ba ka ji komai ba, sai hagun ta miƙe da kanta ta dafa wurin. Baba ya kaɗe ta. Ya ce, "Hannun tsarki ba ya karɓar tofi." Ka tashi ka fita, shi ma bai ƙara tayar da zancen ba.

Sauran duk Katagum ta sani. Ka je gasa a kudu, aka gan ka, aka riƙe ka a sansanin horo, daga can takarda ta zo wai wata ƙungiya a Kanada tana son ka. Ranar tafiya ka durƙusa a zaure za ka yi sallama. Baba yana naɗe tsumma, ko kai bai ɗaga ba. Ya ce, "Hannun da ya ƙi ɗori, wata rana zai nemi mai ɗori." Inna ta yi salati daga bayan labule. Ka ce Allah ya ba da haƙuri, ka ɗauki jakarka. Ni na raka ka tasha, na tsaya har motar Kano ta cika ta tashi.

Mutanen nan sun ɗauka daula ka shiga. Ni da kake kira na san ba haka ba ne. Ƙaramar ƙungiya ce, kuna kwana a bas daga wannan gari zuwa wancan, an ba ka ɗaki a gidan wata tsohuwar Baturiya mai karnuka, kana salla a lungun da ake ajiye kayan wasa. Ka ce akwai na'urar da take auna gudun kowace jifa, kuma darajar mutum tana hawa tana sauka da abin da ta nuna. Ka ce kowa a cikinku jira yake babbar ƙungiya ta kira shi, wasu har furfura ta fara fito musu suna jira. Duk da haka muryarka cike take da murna, don a can ba wanda yake kaɗe maka hannu.

Bidiyonka kuwa ya zaga gari. ’Yan acaɓan Chinade har da masu rubuta "Bahago" a bayan babur. Baba ya ce shi ba ya kallon wasan yara. Amma Inna ta gaya min in ta kai masa fura sai ya ce ta kunna abin nan, ta riƙe masa. Ta ce ba ƙwallon yake kallo ba, gwiwar hannunka yake kallo, duk ka yi jifa sai ya runtse ido.

Sai ranar da ka kira ni kana haki, ka ce ka yi jifa ka ji wani abu ya ce ɗas a gwiwar. Jijiya ce ta tsinke. Likitoci suka yi maka aiki, suka ciro wata jijiyar daga wani wuri a jikinka suka dasa, suka ce sai ka fi shekara ba ka taɓa ƙwallo ba.

Akwai abin da ba ka sani ba, don Baba ya hana a gaya maka. Da labarin ya iso, ya sa aka kamo masa wata jar kaza. Ya yi bisimilla ya karya mata fiffiken hagu, ya yi mata tofi, ya ɗaure da siraran kara. Tsohuwar al'adar masu ɗori ce: a karya kaza a daidai wurin da mutum ya ji ciwo, warkewarta warkewarsa. Baba ya daɗe da barin wannan, tun da malamai suka yi masa magana a kai. Saboda kai ya koma. Na ce masa, Baba, jijiya ce fa, ba ƙashi ba. Ya ce shi abin da yake da shi ke nan.

Kazar ta warke, Habu. Tana nan ta yi ƙiba, tana tashi har kan katanga, ta fi kowa gata a gidan. Sallah ta zo ta wuce ba wanda ya isa ya kalle ta da wuƙa.

Kai kuwa ka koma fili, na'urar ta ce jifar ta rage gudu, ƙungiya ta sallame ka. Saƙonka na ƙarshe yana nan a wayata, na saurare shi har na haddace numfashin da ke ciki. Ka ce, "Yaya, bakin Baba ya kama ni." Daga nan ɗif.

Na san inda kake. Wani ɗalibi ɗan Gamawa, ƙanen abokin maigidana, ya gan ka a gidan wasan hoki, inda ƙarti suke sulu a kan ƙanƙara da takalma masu wuƙa a ƙasa, suna bin wani ɗan baƙin faifai da lanƙwasassun sanduna. Ya ce in ’yan wasa sun tafi hutu kai ne kake fitowa da motar da take goge ƙanƙarar ta yi sumul. Ka roƙe shi kada ya faɗa wa kowa, ya kuma riƙe amana, sai da ya ji halin da Baba yake ciki ya kira mu. Kada ka ga laifinsa.

Wai kai ne a kan ƙanƙara! Kai da in sanyi ya shigo sai Inna ta bi ka da bulala kafin ka yi wanka. Na yi dariya da na ji, dariyar ta juye ta zama kuka. To mene ne abin ɓuya a ciki? Sata ka yi? Yaron ya ce mai wasa wuƙaƙen takalman su yi kaifi a wurin ma tsohon ɗan wasa ne da aka taɓa yi wa tafi, yanzu ba haƙoran gaba, gwiwoyi sun ƙi lanƙwasuwa, kuma kullum ’ya’yansa suna zuwa ɗaukarsa. Wasan nan haka yake yi wa kowa, ya ci samartakar mutum ya sallame shi. Shi yana da gidan komawa, kai ne ba ka da shi?

Ni ban yarda baki ne ya kama ka ba. Da bakinka ka gaya min rabin abokan jifarka suna da tabon aiki a gwiwa, kuma na tabbata wasunsu da albarkar iyaye suka fito. Amma kai ka yarda, Baba ma ya yarda, kuma ku biyun taurin kanku ɗaya ne. Shi abin ya fi ci. Tun da ka yi shiru ya daina zaman hira bayan la'asar, ya rage cin abinci, mai karaya ma in an kawo sai ya daɗe yana kallon hannun kafin ya taɓa.

Bayan an gama girbi ya faɗi, da safe, yana alwala a ƙofar zaure. Muka kawo shi asibiti nan Azare. Hawan jini ne, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Hannun da ya ɗora rabin ƙasar nan yana kwance a cinyarsa, sai an ɗaga masa.

Kada wani ya zo min da wa'azi a ƙasan rubutun nan, wai Allah ya nuna masa ishara. Ubana ne, kuma na ga abin da ba ku gani ba. Ya ƙi yarda a ba shi abinci a baki. Ranar da muka koma da shi Chinade, Inna ta ajiye masa tuwo, ya daɗe yana kallon kwanon. Sannan ya sa hagu. Miya tana zuba a rigarsa, hawaye yana bin gemunsa, a haka har ya cinye. Ni na gudu bayan rumbu na yi nawa kukan.

Likita ya ce in abin ya sake bugowa, maganar tana iya ɗaukewa gaba ɗaya. Ko yanzu ma kullum raguwa take. Baba ya sani. Shi ya sa kowace safiya, in an fito da shi zaure, sai ya sa a watsa wa jar kazar tsaba a gabansa, ya dube ta ya ce, "Na janye. Allah ya yi maka albarka." Gwaji yake yi, don kada harshen ya manta kafin ka zo. Wata rana ta fita sarai. Wata rana "janye" ta maƙale, ya yi ta fama har jijiyar wuyansa ta tashi, mu kuma muna laɓe muna ji ba mu da abin yi. Shekaranjiya sai da rana ta ɗaga sosai kafin ta fito.

Na ce ya bari in naɗi muryarsa in ajiye maka, ya girgiza kai. A kunnenka ya faɗi waccan, a kunnenka zai janye ta. Da ƙyar na shawo kansa ya yarda ko ta waya ce, in dai kana ji kana amsawa.

Habu, ina tsoro. Ina tsoron safiyar da za a watsa tsaba ya buɗe baki ba abin da zai fito. In hakan ta faru, shi zai tafi da maganar a ciki, kai kuma ka ƙare rayuwarka kana ɗauke da waccan. Ni ce zan rayu tsakaninku, kuma wallahi ba zan iya ba. Na ba ka loma lokacin da hannunka yake ɗaure, ban taɓa roƙonka komai ba. Yau na roƙe ka, don Allah, don darajar Inna.

Ba ma son tsaraba, ba ma son kofi ko riga mai lamba. Ba wanda zai tambaye ka gudun jifarka. In ’yan tasha sun yi maka surutu ka bar ni da su, ka san bakina.

Jiya na tambaye shi zancen tofin, na ce ko ya haƙura ɗorin ya ƙare a kansa. Ya ɗaga hannunsa na hagu ya juya shi yana kallo, kamar yau ya fara ganinsa. Sannan ya ce, a hankali, kalma ɗaya bayan ɗaya, "Ya zo da hagun. Ni ma ita ta rage min."

Ya Allah, Kai da Ka mayar wa Annabi Yaƙubu da ɗansa, Ka kai wannan saƙo inda ya kamata. Ka riƙe wa Baba harshensa, Ka sanyaya zuciyar Habu, Ka warkar da abin da kara da tsumma ba sa iya ɗaurewa. Ka haɗa su a zauren nan suna ji suna gani. Amin.

Lambata ba ta canja ba, amma wayar ba ta wurina. Na bar ta a Chinade, a kunne, kusa da hannunsa mai motsi. Na koya masa inda zai danna, ya kuma iya. Ka kira da safe agogon gida, lokacin ne bakinsa ya fi sakewa.

Wassalam.

Yayarka da ba ta gaji da jira ba,
Ladi