A Bar Inna Ta Ɗora Tukunyar Acca a Walimar Bana

Zuwa ga Mai Girma Manajan Kula da Ma'aikata na kamfaninmu na saƙar buhu da ke Challawa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da iyalanku, ni ce Hanne ta sashen ɗinkin bakin buhu, wadda ake kira 'Yar Dutse. Ina rubuta wannan wasiƙa a fili, don a fili aka yi mana dariya. Kuma duk da haka cikin murna nake: mahaifiyata, Inna, za ta zo Kano daga ƙauyenmu na gindin duwatsun Riruwai, da sabuwar accar da ta noma da hannunta!

Ga kukana.

Na farko. A sanarwar walimar ƙarshen shekara da aka liƙa a bakin ƙofa, an ce kowane ɓangare ya kawo abincin garinsu. 'Yan Jigawa an ba su dambu, 'yan Nijar an ba su fura da kilishi, 'yan Panshekara sun kama gurasa. Mu 'yan dutse muka rubuta faten acca, sai kwamiti ya soke, ya ce umarni ne daga ofishinku saboda abin da ya faru bara.

Na biyu. Ranku ya daɗe, abin da ya faru bara ba laifin acca ba ne. An sayo ta a kasuwa aka miƙa wa Malam Sale, kukun ɗakin cin abinci, mutumin kirki, amma bai taɓa dafa ta ba. Ya ɗauraye ta sau ɗaya kamar shinkafar buhu, ya juye a tukunya. Mu kuwa a kan falalen dutse ake tattake acca da ƙafa, kuma ƙwayarta da yashi kusan girmansu ɗaya. Sai an rege ta a ƙwarya, daga wannan zuwa waccan, ruwa bayan ruwa, har mace ta ji bayanta ya sage. A garinmu yarinya ba ta cewa ta iya girki sai ta iya wannan. Ranar nan ina kan keken ɗinki ban san ana dafawa ba, da wallahi na bar buhun na ruga. Mutane suka kai loma, yashi ya yi ƙaras a haƙora, har wani direban babbar mota ya tofar a gaban baƙi.

Na uku, kuma shi ne ya fi ci mini rai. Tun daga ranar aka samu abin tsokana. Wai mutanen dutse tsakuwa muke ci, shi ya sa muke da taurin kai. Wai abincin tsuntsaye ne, ba ya riƙe cikin ɗan Adam. Akwai wanda ya tare ni a bakin famfo ina alwala yana tambaya, da gaskensa, ko akwai masallaci a garinmu. Na yi dariya, don ni ma ba na raga wa kowa a wasa, amma maganar ta bi ni har gida. 'Yata Bilkisu, da aka haifa a nan Panshekara, yanzu idan na yi fate sai ta rufe ƙofa kada 'ya'yan abokan aikina su gani. Wannan ya yi mini zafi ƙwarai.

To amma ku ji abin da za ku rasa! Faten Inna ba irin na bara ba ne. Da ƙashi mai romo take fara shi, ta zuba yakuwa da alayyafo, ta yanka gauta, ta daka gyaɗa da daddawa, sannan ta yaryaɗa acca tana juyawa har ƙamshi ya tsallake katanga. Manomanmu da shi suke hawa tudu da safe, su yi wuni suna noma tsakanin duwatsu, ba wanda yake neman ƙari kafin la'asar. Inna ta kuma ce za ta taho da rizga, 'yar saiwar nan mai kama da dankali, wadda na tabbata rabin ma'aikatanmu ba su taɓa gani ba, da zumar kogon dutse. Mu bakwai ne 'yan wajenmu a kamfanin nan, kowa ya ce zai kawo ƙwaryarsa a yi regewar tare.

Don haka ina roƙon abu biyu. A mayar da sunan faten acca cikin jerin abincin walima. Sannan a ba mu murhu ɗaya a bayan ɗakin girki, Malam Sale ya tsaya kusa da mu ya gani, don na san shi ma abin bara yana damunsa. Ba mu neman a saya mana komai. Idan aka samu yashi ko ƙwaya ɗaya, ku soke mu har abada, ba zan sake buɗe baki ba.

Ina roƙon a ba ni amsa kafin Juma'a, don ranar Inna za ta shigo mota. Da aka soke sunanmu na kira ta in faɗa mata, sai ta riga ni magana, tana ba ni labarin yadda ta sa aka ɗinka mata sabon zane saboda za ta yi wa manyan kamfanin 'yarta girki. Na kasa faɗa mata. Har yanzu ita dai ta san ana jiran ta.

Allah ya ƙara muku lafiya da ɗaukaka, ya albarkaci iyalanku, ya sa injinanmu su yi ta juyawa, ya ba ku ikon yin adalci ga babba da ƙarami.

Wassalam.

Taku,
Hanne 'Yar Dutse,
Sashen ɗinkin bakin buhu.