Yadda Hector Ya Rasu a Bakin Ramin

Beljiyam,
16 ga Yuni, 1917.

Zuwa ga Yaya Lavinia,

Gaisuwa mai tarin yawa, tare da fatan kina lafiya, ke da yara da Mama. Allah ya ba Mama sauƙin ƙafar nan, ya saukar muku da ruwa a Broken Hill bana. Ni kam lafiya lau, sai tarin da ba ya barin mai aikin rami.

Na san saƙon hukumar soja ya riga wasiƙata isa, kin ji mijinki Hector ya rasu. Su layi biyu suke rubutawa. Ni ina wurin, gara ki ji sauran daga bakin ɗan'uwanki.

Wata bakwai muka yi muna haƙa a ƙarƙashin tudun da Jamusawa suka kafa sansani. Irin haƙar ma'adinan da muke yi a gida ce, sai dai nan ba azurfa ake nema ba, kuma ba a ɗaga murya, don su ma suna haƙa suna kasa kunne. Muka danƙare ƙarshen ramin da nakiya, da nufin idan tudun ya tashi sojojin ƙasa su ruga su kama wurin. Rundunar su Hector na cikin masu rugawar.

Ana saura kwana biyu a tayar da nakiyar, Hector ya zo wurina. Ya kira ni gafiya kamar kullum, wai ko a fagen yaƙi sai da na samo ramin ɓuya. Na ce mai gasa burodi irinsa ne zai koya mini jarumta? Muka sha shayi muna ta tsiya. Da zai tafi sai ya bar dariya, ya tambaye ni ko na tabbata ba za mu bar musu kowa a saman tudun ba. Na ce ko kare ba zai saura ba. Har rantsuwa na yi masa, Yaya.

Gab da wayewar gari aka tayar da nakiyar. Ƙasa ta yi girgizar da ta zubar da mu, wuta ta tashi sama, tudun ya koma wawakeken rami. Su Hector suka fita da gudu. Ashe can hagu akwai wani ɗakin siminti da nakiyarmu ba ta kai gare shi ba, da bindiga mai jigida a ciki. Abokinsa Dinny Rourke ya shaida mini Hector har ya wuce bakin ramin, ya juyo don ya janye wani da ya faɗi, harsashi ya same shi a ƙirji. Ya ce bai daɗe yana shan wahala ba, kuma Dinny ba ya ƙarya.

Washegari na nemi izini na je na ɗauko shi. Ni na haƙa kabarinsa, na zurfafa shi, na tokare gefensa da katako don kada ruwa ya rufta shi. Da na koma na tarar manya suna ta yaba aikinmu, ana raba giya. Na kasa sha.

Agogonsa yana hannuna. Ba zan sa shi a gidan waya ba, in Allah ya bar ni da rai ni zan kawo wa ɗanku Clem. Ki rungume mini shi da 'yarku Iris. Ki gaida Mama da Kawu Silas, da mahaifiyar Hector, ita har yanzu na kasa rubuta mata. Allah ya jiƙansa, ya ba ki haƙuri. In kin ga za ki iya amsa mini, ki amsa. In kuma ba za ki iya ba tukuna, ba zan ga laifinki ba.

Ƙaninki,
Ambrose.