Lamba Bakwai a Karkace

Assalamu alaikum, ƙanwata.

Ki gafarce ni da zan dame ki. Ya yara, ya ƙafar Inna? Ni lafiya lau nake. Tsohuwar da nake jinya a nan inda na zo aiki ba ta son magana, wani lokaci sai in wuni ban buɗe baki ba, amma alhamdu lillahi.

Na ga hoton da kika turo, ƙungiyar ƙwallon kwandon unguwarmu ta ci kofi. Na yi murna, Allah ne shaida. Amma wa na gani a tsakiya, kofi a cinyarta? Matar mai shago! Shekara sha biyar ni ke ɗinka lambobin rigunansu da hannu, tun ranar da marigayi maigidana ya kafa musu ƙarfen kwandon. Ba sa shiga fili sai sun tsaya ƙofata na yi musu addu'a. Yanzu har Dogo, ɗan cikina, ya dafa kafaɗarta yana dariya. Na yi istigfari, na sake dubawa, lamba bakwai ɗin da ta ɗinka musu dai a karkace take.

Kada ki faɗa mata. Ki tambayi Dogo kawai: idan na dawo, a ƙofar wa za su tsaya?

Don Allah ki ba ni amsa da wuri.

Yayarki.