Busasshen Baya

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yaran, kuma ina fatan sanyin ofishinku bai sa miki mura ba. Mu nan bakin titi lafiya ƙalau, sai rana da muke sha.

Sau uku ina kiran ki a waya kan maganar nan, a na ukun kika ce duk mai ƙorafi ya kawo a rubuce. To ga shi a rubuce. Direban tifa zai ba maigadin ofishinku, tunda yanzu ta hannun maigadi ake samun ki.

Rigunan da kika sa kamfani ya sayo sun iso, kowa ya samu tasa. A jikin kwalin kun rubuta rigar sanyi, mutanena suka yi ta dariya, har Dogo mai jan manjagara ya tambaya ko bargo da safa suna hanya. Mu falmaran muke ce mata, tunda ba ta da hannu. Aljihu huɗu gare ta, biyu a ƙirji biyu a baya, kowanne a zura masa ledar ƙanƙara. Ba zan yi miki ƙarya ba, da safe akwai daɗi. Awa biyu mutum yana mantawa a kan kwalta yake. Daga nan ƙanƙarar ta narke, sai ka koma kana ɗauke da ruwan ɗumi kilo uku a jikinka, iska ba ta shiga. Firizar da za mu canzo ledoji tana can yadin kamfani inda ake ajiye kayan aiki, tafiyar rabin awa a mota, kafin su iso sun zama ruwa.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne takardar da ta biyo bayan rigunan, wadda ta soke hutun rana. Shekara ashirin da biyu ina zuba kwalta, ban taɓa ganin an yi aiki daga sha biyu zuwa uku a watannin zafi ba. Yanzu an ce tunda muna da falmaran ba ma buƙatar inuwa, kuma duk wanda aka gani babu ita a jikinsa ni za a tuhuma. Na duba ƙasan takardar na ga sa hannunki. Na san shi sarai, ni na riƙe miki hannu kika koyi rubuta sunanki.

Bari in koya miki abin da ba a koyarwa a makarantarku. Rabin aikin shugaban lebura kallon baya ne. Ina tsayawa a bayan mutanena ina duban rigunansu. Muddin baya sharkaf yake da gumi, mutum yana lafiya. Da na ga rigar wani ta fara bushewa alhali yana aiki, na san ruwan jikinsa ya ƙare, sai in janye shi inuwa ko yana so ko ba ya so. Da haka na yi shekarun nan ban rasa kowa ba. Falmaran ɗinki ta rufe mini bayan kowa. Ledojin suna naso, riga kullum a jiƙe, ban san wanne ne gumi wanne ne ruwan ƙanƙara ba. Ƙari a kan haka, in fata ta ji sanyi sai mutum ya manta da ƙishirwa, durom ɗin ruwan da muke shanyewa kafin azahar yanzu rabinsa ke kwana.

Ki dawo mana da hutunmu kafin wani ya faɗi. Rigunan kuma in kina so ki bar su, in kina so ki kwashe abinki.

Ki gaida maigidan naki, ki shafa mini kan yara.

Naki,
Yaya Kwalta

*

Zuwa ga Injiniya,

Sallama. Ina fatan kun koma lafiya, ke da manyan baƙin da kika kawo mana ranar Laraba. Ina tambayar lafiyar yara, su ba su yi mini komai ba.

Amsarki ta iso, layi uku, wai ana duba lamarin. To ku huta da dubawa, ya riga ya faru. Motocinku ba su fi minti goma da tashi ba Dogo ya faɗi. Kin san shi, shi ne wanda kika sa aka jawo gaba ya tsaya kusa da manaja don rigar ta zauna masa. Kika tambaye shi yadda yake jin ta, ya yi murmushi bai amsa ba, ku duka kuka yi dariya wai kunya gare shi. Harshensa ne ya yi nauyi, Injiniya. A lokacin bai ma san inda yake ba.

Ya saki manjagara ya yi taku uku wajen rola, motar da ke danne kwalta, yana waige-waige, sai ya kife a gefen sabuwar kwalta. Allah ya taimaka direban rola ya gan shi ya taka birki. Da na zare masa falmaran na zura hannu a bayansa, fatar a bushe take ƙamas, da zafi kamar murfin inji. Rigar ciki a jiƙe da ruwan ledoji, shi kuwa ko ɗigon gumi babu. Muka juye masa duk ruwan da ke durom, muka ɗora shi a bayan tifa. Ni na riƙe kansa har asibiti, yana ta kiran wani ƙanensa da ya rasu tun suna yara.

Likita ya ce zafi ya dafa shi daga ciki, ƙodarsa ta tsaya. Yau kwana huɗu ke nan bai yi fitsari ba. Matarsa tana zaune a barandar asibiti a kan wani yagaggen kwali, da jaririya a goye. Duk lokacin da na je sai ta durƙusa ta yi mini godiya wai na ceci mijinta. Wallahi na gwammace ta zage ni.

Ranar nan sau biyu kika wuce ni kina ce mini shugaban lebura a gaban baƙi. Wannan bai dame ni ba, sunana ke nan a wajen aiki. Abin da ya tsaya mini a rai, ƙarfe ɗaya da rabi kuka iso, kika sauko da lema da gorar ruwa, kika yi minti ashirin, ina kallon ki kina goge wuya kina duba agogo. Mu tun bakwai na safe muke wurin. Kin ji ranar a jikinki, kika koma mota kika rufe ƙofa, ba ki ce a tsaya ba.

Jiya da sha biyu na busa usur na kai mutanena ƙarƙashin gada, haka na yi yau, haka zan yi gobe. Wanda yake so ya hana ni ya zo da ƙafarsa ya tsaya a kan kwaltar ya faɗa mini. Amma ni nan kawai nake da iko, takardarku tana nan ba a janye ba.

Ki huta lafiya, in kina iyawa.

Shugaban leburorin kwalta

*

Ranki ya daɗe,

Ina gaisuwa irin wadda ƙaramin ma'aikaci yake yi wa na sama da shi. Ina fatan lafiyarki ƙalau, da ta iyali.

Takardar da kika aiko in sa hannu ga ta nan na mayar miki yadda ta zo. Na karanta sau biyu, na ba direban rola ya sake karanta mini, ko idona ne. Wai Dogo ya cire rigarsa ba da izini ba, shi ya sa zafi ya kama shi. A 'yar guntuwar takardar da kika maƙala da rubutun hannunki kin ce in taimake ki, in na sa hannu magana ta mutu, in na ƙi kwamiti zai zauna kuma kujerarki za ta yi rawa. Har da kira na Yaya, karo na farko a wata biyu. Abin da kika manta ba ki rubuta ba, in maganar ta mutu za a raba falmaran a sauran wuraren aikinmu shida, su ma a soke musu hutu. Direbobin tifa suna ji suna gani, kuma suna magana.

Wanda ya gaya miki Dogo ya cire riga bai yi ƙarya ba, rabin labari ya ba ki. Ga sauran, ban taɓa gaya wa kowa ba. Wajen sha biyu da rabi ya cire ta ya rataye a hannun baro, ya ce mini ta zama wuta, kansa yana sarawa, in bar shi ya sha iska. Na bar shi. A lokacin na ga bayansa. Rigar ta fara bushewa daga kafaɗa, na gani da idona, kuma na san ma'anarsa fiye da kowa a wurin. Ina shirin janye shi aka yi waya cewa motocinku sun taso. Na tuna ranarki ce, manyanki za su ga aikinki na farko, ba na so su tarar da mutum ɗaya babu riga su ce ko yayanki bai yarda da abin ba. Na ce a raina minti ashirin ne, su zo su tafi in kai shi inuwa. Na ɗauko falmaran ɗin da hannuna, ɗumi kamar ruwan wankan jariri, na sa masa, na ja zif har wuya. Bai yi musu ba, bai taɓa yi mini musu ba. Ku kuma kuka makara awa guda.

Ban ce ke kika sa ni ba. Hannuna ne. Amma saboda ke na yi, shi ya sa yanzu ko sunanki aka ambata sai in ji raina ya ɓaci. Ga shi kina so in sake sa hannun nan in ɗora wa mutumin da ke kwance laifin abin da ni na yi masa.

Kin kai ƙarata wajen Inna, ta kira ni tana kuka wai zan tozarta ƙanwata. Kada ki ƙara sa tsohuwar nan a maganar da ba ta san kanta ba. Ranar Litinin zan je gaban kwamitin in faɗi komai, zan fara da kaina in ƙare da takardarki. Na gaya miki tun yanzu don kada ki ce na yi miki ba-zata.

Wassalam.

Wanda kika nemi sa hannunsa

*

Ƙanwata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Na ji ba kya ɗaga wayar kowa, to takarda dai ba ta buƙatar a ɗaga. Ina yara? Ki ce kawunsu yana gaishe su.

Duk wasiƙun da na rubuta miki, a raina na ɗauka rashin sani ne. Na ce yarinyar ofis ce, ba ta san kwalta ba, ta karanta abin da ke jikin kwali ta yarda. Da wannan nake yi miki uzuri ko da ina zagin ki. Sai ranar Litinin wata mata mai tabarau a cikin 'yan kwamitin ta zaro rahotonki na farko ta karanta shafi na huɗu, wanda manaja ya sa aka cire. Ke kika rubuta sanyin rigar ba ya kai awa biyu. Ke kika rubuta kada a soke hutun rana saboda ita, kuma tana iya ɓoye alamar mutumin da zafi ya fara ci. Kin rubuta shi wata guda kafin in aiko miki da wasiƙar farko, da kalmomin da suka fi nawa kyau. Aka cire shafin, aka miƙo miki sauran, kika sa hannu. Ina ta koya miki kallon baya ashe kin riga ni. Na juya na dube ki a ɗakin, kika sunkuyar da kai kina wasa da murfin biro.

Hukuncin kin sani. An tabbatar da hutu a wuraren aikin duka, an ce a sa falmaran da safe kawai. Ke an dakatar da ke, ni an karɓe usur an mayar da ni shebur. Ban yi ƙorafi ba, kuma ba zan ba ki haƙuri ba, kada ki zauna jira.

Na gaya wa matar Dogo abin da na yi. Ta saurara har ƙarshe, ta gyara goyonta ta shige ciki. Tun ranar ba ta ƙara yi mini magana ba, kuma hakan ya fi mini sauƙi.

Shi kuwa ya farfaɗo. Likita ya ce ƙodar ba za ta dawo ba, sai wankin ƙoda sau biyu a mako, Litinin da Alhamis, awa huɗu a jikin na'ura. Ruwa kofi biyu aka yarda ya sha a wuni, matarsa tana auna masa, yana riƙe kowace kurɓa a baki kafin ya haɗiye. Bai tuna komai na ranar ba, daga safiya sai gadon asibiti. Wani ya gaya masa an ce ya cire riga, shi kuma ya yarda. Jiya ya kama hannuna ya ce in yafe masa, ya jawo mini rasa muƙamina da gangancinsa. Ya kuma ce in ba Injiniya haƙuri, ya ɓata mata ranar baƙinta, ita da ta kawo musu abin alheri.

Na buɗe baki in gaya masa, na kasa. Na faɗa a gaban mutum bakwai masu biro, na faɗa wa matarsa, amma shi na kasa. Kuma na ga ba daidai ba ne in faɗa ni kaɗai, tunda rabin labarin naki ne.

Ranar Alhamis ƙarfe takwas na safe ake ɗora shi a na'ura, ɗaki na biyu bayan wurin karɓar magani. Akwai kujera biyu a gefen gadon. Ki zo ke kaɗai, kada ki kawo masa komai, ba abin da zai iya ci ko sha. Haƙurin da ya aiko miki ban isar ba, ki zo ki karɓa daga bakinsa, sannan mu gaya masa.

Zan tsaya a bakin ƙofa har takwas da kwata.

Yayanki