Gayya a Gonar Koci Habu

Yaya Sabi'u,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya aiki, ya zaman Legas? Mu nan Tsanyawa sai godiya, duk da tsadar hatsi.

Raina a ɓace yake, Yaya. Ranar jana'izar Koci Habu kowa hawaye ya yi, ana ta tuna yadda yake raba ƙwallo a tsakiya, da yadda ya baro kulob ɗin birni ya dawo horar da mu. A wurin sadakar uku 'yan ƙungiya suka yi alkawarin gayya a gonarsa. Ranar Asabar na saɓa fartanya na tafi. Mu uku ne kacal! Sauran suna gidan kallo, wai ana babban wasa.

Matarsa tana takaba, amma ta aiko da fura ƙwarya biyar. Ni na mayar mata da huɗu ba a taɓa ba. Ta ce, "Ba su samu zuwa ba ko? Allah ya yi musu albarka." Wallahi gara ta zage mu.

Ka gaida Anti Rabi. Ka sa marayun Koci a addu'a, ni kuma ka roƙa mini sanyin zuciya, don har yau ban iya miƙa wa ko ɗaya daga cikin waɗanda suka saɓa alkawarin hannu ba.

Ƙaninka,
Nasiru