Kogi Ya Dawo da Gonar Baba

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da mai ɗakinka da yara da jikoki. An ce min ciwon sukari ya matsa maka kwanakin baya, har likita ya raba ka da shayi mai zaƙi. Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Mu nan lafiya lau, sai gwiwa da ke min tsiya in gari ya yi sanyi. Yayarmu tana nan da ranta, kunne ne dai ya tafi, sai ka yi ihu kafin ta ji, amma bakin nan nata bai ragu da komai ba. Ɗanka na wajena, kafinta, ya samu ƙaruwa, namiji, kuma kowa ya ce goshinka ya ɗauko, Allah ya sa kada ya ɗauko har da rashin zama wuri ɗaya. 'Yarka ta wajena, ungozoma, ita ce ke riƙe da biro, ni ke faɗa, kuma na gaya mata in mun gama za ta karanta min tun daga farko, don na san halinta, tana iya rage wa magana gishiri. Wayar da ka aiko min tana cikin akwati. Duk lokacin da na kamo bakin zance a cikinta sai ka ce layi ba kyau. To, takarda ba ta da layi.

Ga abin da ya sa na zaunar da ita ta bar aikinta. Ranar kasuwar da ta wuce babban ɗanka ya zo min da wani mutum mai tifofin yashi. Ya ce kai ka aiko shi, wai ka amince a sayar wa mutumin sabuwar ƙasar da kogi ya ajiye a gurbin gonar Baba, ya haƙe ta ya kwashi yashin da ke ƙarƙashi ya kai birni a yi gini. Ya ce ka ce ai tudun yashi ne kawai, yau yana nan gobe ruwa ya tafi da abinsa, gara a ci moriyarsa tun yana hannu. Ya ƙara da cewa ka ce yankin namu ya riga ya mutu, ba kowa a ciki sai tsofaffi da sauro. Ban yi wa yaron faɗa ba, saƙo aka ba shi ya kawo. Na dai ce ya cire baƙin gilashin nan in yana magana da ni, in ga idon da ke kallona. Shi kuwa mai tifa, sai ce min yake Baba kaza, Baba kaza, yana dariya ba abin dariya, har ya kama hannuna zai taimake ni in tashi. Na ce ya sake ni, ƙasar da ya zo saya ma na fi ta tsayuwa da ƙafafuna.

Auta, ni za ka aika wa yaro a kan gonar Baba? Lokacin da Inna ta rasu ka iso bayan kowa ya watse, ka yi kwana biyu ka ce zazzaɓi, ka juya. Lokacin da uwar yarana ta tafi, saƙo ka aiko a bakin direba. Duk na haɗiye, ban ce maka na manta ba, na dai haɗiye. Amma ka ce yankin nan ya mutu, wannan ta tsaya min a wuya. Tunda ka daɗe ba ka gan shi ba sai ta gilashin mota, bari in tuna maka kamanninsa.

Ka tuna inda kogi ke shigo mana, tsakanin baƙaƙen duwatsun nan biyu, a matse, yana kumfa yana faɗa kamar wanda aka tasa daga barci? Yana wuce su sai ya huce, ya baje, ya yi faɗin da in mutum ya tsaya a wancan ƙetare ba ka gane ko namiji ne ko mace sai ya yi tafiya. Daga gaɓa zuwa gindin tudu fadama ce shimfiɗe, baƙar ƙasa mai laushi, shinkafa da damina, albasa da kankana da rani, ba ta taɓa hutawa ba kuma ba ta taɓa yin ƙorafi ba. Sama da ita jan tudu, inda makiyaya ke hawa da shanu in ruwa ya cika. Tsohon hannun kogin nan da ya rabu da uwarsa ya zama tafki, yana nan, bado ya rufe rabinsa, agwagin ruwa suna sauka a kai har sai ka rasa inda ruwan yake. Da safe hayaƙin ruwa kan kwanta a kan fadama, masunta su fito daga cikinsa a tsaye kan kwalekwale, ba ka ganin jirgin sai mutumin, kamar tafiya yake a kan ruwa. Na tsufa ina ganin wannan, har yau in na gani sai na tsaya na ce tabarakallah. An taɓa kai ni birninku aikin ido, na leƙa ta tagar asibiti, ban ga abin da zan tsaya wa ba.

Kuma wurin nan ba jiya ya fara ba. Kai kana ƙarami ba ka zama in Kaka na ba da labari, ni na zauna. A shekarar yunwa ya gangaro daga can sama cikin kwalekwalen aro, da matarsa da tukunya ɗaya da fartanya. Masunta ya tarar a bakin ruwa, makiyaya a kan tudu, tsakaninsu ciyawa ce da ta fi mutum tsawo, da dorina. Wani tsohon masunci ya dube shi, bai tambaye shi ɗan wane ne ba, ya nuna masa daga tsamiya zuwa bakin ruwa ya ce ya sare in zai iya. Gonarmu ke nan. Daga baya mafitar jiragen fito ta kafu a wurin, kasuwa ta biyo ta, har manyan jiragen ruwa masu hayaƙi suna tsayawa ɗaukar auduga, Baba yana yaro yana yi musu dako. Da aka ja titi ta wani gefe jiragen suka daina zuwa, mutane suka ce gari ya mutu. Bai mutu ba. Da aka yi gada masu fito suka rasa sana'a, aka sake cewa ya mutu. Suka koma noman rani, yau albasarsu ce ke cika motocin da ke bi ta kan gadar. Kai ne na uku da ka yi mana wannan ta'aziyya, kuma muna nan muna amsawa da bakinmu.

Na san abin da ke ranka, shekarar babbar ambaliya ce. Ni ma ina wurin. Muna tsaye ni da kai da Baba a kan tudu muna kallo gaɓa tana ɓantarewa, gonar tana faɗawa ruwa gutsure gutsure, har tsamiyar ta kwanta. Kai ka ce ba za ka ƙara zuba guminka a ƙasar da ke da ƙafa ba, rani bai ƙare ba ka hau mota. Ban ga laifinka a wannan ba, yaro ne kai kuma ka ji ciwo. Ni na tsaya, Inna tana ce min Turke, na yi ƙodago a gonakin mutane har na samu 'yar tawa a kan tudu. To, ga abin da ba ka gani ba. Shekarun baya kogi ya fara karkata zuwa wancan gefe. Da fari wani ɗan farin yashi ne ya leƙo, tsuntsaye na sauka a kai. Kowace damina ruwa ya hau ya sauka ya bar masa laka. Ciyawa ta kama, geza ta kama, ya haɗe da gaɓa. Bara na tura sanda a ciki ta nutse har gwiwar hannuna cikin baƙar ƙasa kafin ta taɓa yashi. Na ɗebo na shinshina, wallahi ƙamshin gonar Baba ne. Dattawan gari suka fito suka duba, suka auna da dutsen wanki da bai taɓa motsawa ba, suka ce gurbinmu ne, ba mai ja.

Sai maganar wai ba kowa sai tsofaffi. Gaskiya ne samarinmu suna tafiya, naka sun tafi, nawa ma biyu sun tafi. Masu ƙidaya ma da suka zo sun ce mun ragu, amma yaya ba za mu ragu ba, sun zo makiyaya na can wajen kiwo, masunta na kan ruwa, suka ƙirga ni da Yaya da awaki suka tafi. Ka zo ranar kasuwa ka ji harsuna nawa ake ciniki da su a bakin gada. Tun da aka yi madatsar ruwa a can sama, ƙauyukan da ruwa ya ci mutanensu suka gangaro mana, da tabarmi da yara da tsofaffinsu a kan amalanke. Su suka cika gidajen da kuka bari. 'Ya'yansu ne suka cika makarantar da aka kusa rufewa, har an ƙaro malami. Tambayi 'yarka mai rubutun nan, ita ke karɓar haihuwa, ta ce in gaya maka ba ta samun barcin rana. Cikinsu akwai wani mai saƙar taru, mutum mai kunya, yana da yara kamar tsaki, ya zo ya durƙusa ya ce ko zan ba shi aron gefe ɗaya na sabuwar ƙasar ya sa masara. Na dube shi, na ga kwalekwalen aro da tukunya ɗaya. Ban tambaye shi ɗan wane ne ba. Masararsa yanzu ta kai ƙugu.

Shi mai tifa bai gaya wa babban ɗanka abin da ya yi a ƙauyen da ke ƙasa da mu ba. Can ya fara haƙa. Damina biyu kacal, ruwa ya sami rami ya bi, ya ci gaɓarsu har ya shiga maƙabarta, mutane suka kwashe ƙasusuwan iyayensu a buhu. Na je na gani da idona, ba labari aka ba ni ba. Sabuwar ƙasar nan ita ce ta tare mana ƙarfin ruwa, a bayanta unguwar masunta take, da makaranta, da inda Baba da Inna suke kwance. In aka kwashe ta, kogi zai dawo ta inda ya saba, kuma wannan karon ba gona kaɗai zai ɗauka ba.

Babban ɗan naka ya ce in ban yarda ba sai a raba, a sayar da rabinka. Na ce masa Baba bai raba ba, kogi ma da ya dawo da ita bai ja layi a tsakiya ba. Ni ban san wane gefe ne naka ba, duk shebur ɗin da aka ɗiba rabinsa nawa ne, kuma ban sayar ba. Na san kana da haƙƙi, ban ci maka ba, ba kuma zan ci ba. In magani ne ya yi tsada, ka faɗa min a matsayin yayanka, albasar bana rabinta taka ce tun tana ƙasa. Amma ba za a sayar da ƙasar nan ta bakin yaro da waya ba. Na sa kafinta ya kafa min rumfa a tsakiyarta, can nake wuni yanzu, da buta da tabarma, ina kore wa mai taru tsuntsaye. Yara sun yi magana har sun gaji, Yaya ta ce dama tun ina ciki na fi jaki gardama.

Abu ɗaya nake nema. Ka zo da kanka kafin ruwa ya hau. Ka sauka daga mota, ka taka ƙasar, ka tura hannunka a ciki, ka juya ka dubi inda iyayenmu suke. In ka yi haka, ka dube ni ka ce a sayar, da bakinka, a gabana, to ni zan cire rumfar da hannuna, ni kuma zan je in gaya wa mai taru, ba zan sa ka ji wannan kunyar ba. In kuwa ba ka zo ba, ka gaya wa mutuminka ya taho da babbar tifa, don har da ni zai ɗiba.

Ka gaishe min da mai ɗakinka, ka ce na gode da rigar sanyi, ta yi min daidai. Ka gaishe da babban ɗanka, ka ce ban riƙe shi da komai ba. A gaishe da 'yata malamar asibiti da maigidanta, da ƙananan duka waɗanda ban san fuskokinsu ba. Yaya tana gaishe ka, ta ce in ka ƙara jinkiri sai dai ka gaishe ta a kwance. Kafinta da matarsa da ungozoma duk suna gaisuwa. Allah ya ba ka lafiya, ya kawo ka lafiya, ya sa mu gana da alheri. In za ka taho, ka zo da takalmin da ba ka tausayinsa.

Ni ne yayanka.