Kebul ɗin Ƙarƙashin Tebur

Talata

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da aiki. Gaisuwar ke nan, yau ba ni da bakin doguwa.

Tunda ka daina ɗaga wayata, ga takarda ta hannun direbanmu mai kai jini garin da kake aiki. In ka ga dama ita ma ka ƙi buɗewa.

Tun jiya da safe, daidai lokacin da masu duba tsafta suka zo mana, babu kwamfuta ɗaya a ɗakin gwajin nan da ke magana da 'yar'uwarta. Injin gwaji ya gama aikinsa, sakamako ya ƙi zuwa teburin karɓar baƙi. Da biro muke kwafe sakamakon jinin mutane, Yaya, ga masu ciki da tsofaffi sun cika benci suna harararmu. Akwatin nan da ka kafa mana a bango, suwic ɗin da ka ce duk kebul ɗin ginin a cikinsa suke haɗuwa, na kashe na kunna ya fi sau goma. Sai ya yi minti ɗaya lafiya, ya sake shaƙewa.

Ni na kawo ka wurin nan. Ni na tsaya gaban Likita, mai wurin, na ce yayana ya fi kamfanin da yake son ɗaukowa. Yanzu in ya wuce ƙofar ofishina ko kallona ba ya yi. Tsohon kaya ka sayo mana aka goge? Ka faɗa min gaskiya in san abin da zan ce masa.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka

Laraba

Auta,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau nake, na kuma gode da gaisuwar da aka auno min da cokali.

Na daina ɗaga wayarki ne saboda a kiran ƙarshe kin ce min ɗan koyo, ina kan tsani, magina shida suna ji. Ba zan iya barin aikin nan ba sai ƙarshen mako mai zuwa.

Suwic ɗin sabo ne, a gabanki na yage ledarsa. Wata takwas yana aiki ko tari bai yi ba. Irin wannan kaya ba ya haukacewa haka kawai. Wani ne ya taɓa wani abu.

Ki daina kashewa da kunnawa, ba janareta ba ne. Ki tsaya gabansa ki kalli ƙananan fitilun da ke saman kowane rami. In duk a mace suke, wuta ce, ki duba soket. In guda ce ta mutu, kebul ɗinta ne ko kwamfutar da ke ƙarshensa. In kuwa dukansu suna ƙiftawa tare da sauri babu hutawa, to wani ya haɗa rami da rami da kebul ɗaya, saƙo yana fita yana dawowa yana ta zagaye har ya toshe hanya. Sai ki riƙa zare su ɗaya-ɗaya, ki jira rabin minti, in babu canji ki mayar. Wanda kika zare fitilu suka natsu, shi ne. Ki bi shi har inda ya ƙare.

Ki gaida yara. Allah ya sanyaya miki zuciya, ko don mu huta.
Yayanki

Alhamis

Yaya,

Sallama, da fatan ka tashi lafiya.

Na yi yadda ka ce. Duk fitilun suna ta rawa tare. Na zare na mayar, na zare na mayar, sai a rami na sha huɗu suka natsu. Na bi lambar ramin, ta kai ni soket biyun da ke bango a ƙarƙashin teburin karɓar baƙi. Wani gajeren shuɗin kebul ne, kai ɗaya a wannan soket, ɗayan a na kusa da shi. Na cire. Komai ya dawo.

Kar ka fara murmushi. Wane ne ya bar wannan kebul ɗin a wurin, kai ɗaya a bango, ɗayan yana reto a ƙasa wata takwas, babu rubutu babu komai? Gwani ne ya bar shi. Duk wanda ya ga abu yana reto ga rami a gefensa, ai zai ce nan ne gidansa.

Sannan takardarka ta jawo wani abin. Na nuna wa Likita don in wanke ka, shi kuwa layi ɗaya ya karanta: wani ne ya taɓa wani abu. Ya ce wa yake fara shiga ginin nan da safe? Aka ce Baba mai shara. Ya kira shi gaban kowa ya tambaye shi, Baba ya sunkuyar da kai bai ce uffan ba. Likita ya karɓi makullinsa ya ce ya tafi gida kar ya dawo. Shekara goma sha bakwai yana share wurin nan. Ban ji daɗi ba ko kaɗan, amma Likita ya riga ya yanke, kuma ai aiki ya gyaru. A bar maganar.

Sai ka dawo.
Ƙanwarka

Juma'a

Auta,

Salamun alaikum. Yau ni ma gaisuwata gajera ce.

Kebul ɗin ni na bar shi, don firintar da kuka ce za ku sayo. Ya kamata in cire ko in manna masa takarda. Wannan laifina ne, kuma ga shi na rubuta da hannuna, ki nuna wa Likita wannan layin ma.

Amma ba za a bar maganar ba. Raina ya ɓaci sosai, ki sani. Kwana tara na yi ina aiki a wurinku, Baba ne yake buɗe min ƙofa. Ƙusa in ta faɗi ba ya ɗauka sai ya tambaye ni. Kuma mutumin da gwiwa ta hana shi durƙuso, har sallah a kujera yake yi, shi ne zai rarrafa ƙarƙashin tebur ya nemo rami?

Ni na san mutum ɗaya a duniya da ba ta iya ganin abu yana reto ta wuce. Ita ce ta naɗe eriyar rediyon Abbanmu ta cusa bayan kabad don ta ɓata mata ɗaki, ya kwana uku yana zagin masu gidan rediyo. Kuma kin ce masu duba tsafta sun zo ranar Litinin. Wa ya zagaya yana kimtsa wurin kafin su shigo?

Soka kebul ba komai ba ne, Auta, ni kaina na taɓa yi. Tsayawa kina kallo a karɓi makullin tsoho shi ne abin da ban san ki da shi ba. In ba ki faɗa ba, ranar da na dawo zan faɗa, kuma ba zan rage murya ba.

Allah ya ba ki ƙarfin hali.
Yayanki

Asabar

Yaya,

Sallama. Daga wani gari kana kan tsani ka zama alƙali. Kai ba ka da yara uku da shugaban da ke neman dalili a kanka. Kar ka sake ba direba takarda.

Ƙanwarka

Talata

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, gaisuwa cikakkiya wannan karon.

Jiya na faɗa wa Likita ni na soka kebul ɗin, a gaban mutanen da ya kori Baba a gabansu. Na shirya a karɓi nawa makullin. Ka san abin da ya yi? Dariya. Ya ce kowa na kuskure, in koma bakin aiki. Kebul ɗaya, ni dariya, Baba kora. Na ce to a dawo da shi, ya ce shi ba ya mayar da magana baya. Ban taɓa jin haushin mutum da na kaina a lokaci ɗaya haka ba.

Da yamma na je gidan Baba. Na fara jero bayani, ya ɗaga min hannu. Ya ce, “Ai na gan ki ranar, 'yata, ina goge taga. Da aka tambaye ni na duba, na ga ke ce babba a wurin, ga na ƙasa da ke duk a tsaye. Ban ga yadda zan buɗe baki ba.”

Ya kawo min ruwa, na kasa sha.

Yau da safe na ɗauki tsintsiyarsa na share wurin tun daga ƙofa, da kayan ofis a jikina, benci cike da mutane. Likita ya tsaya ya ce mene ne haka. Na ce mai sharar ba ya nan, kuma ni na jawo. Ya shige abinsa. Gobe ma zan share, da jibi.

Ka dawo da wuri. Akwai gugar tagogi, kuma ba na kaiwa ga na sama.

Ƙanwarka